Standard, Light ko XL: Zaɓen Inji da Makamai a Wasan MechWarrior Online

Duk wanda ya sayi mek ɗinsa na farko a wasan MechWarrior Online, ya shiga garejin da ake kira MechLab domin ya gyara shi yadda ransa ke so, jerin makamai ne ke fara ɗaukar masa ido. Sai ya ɗora igwa mafi girma, ya cike sauran wurare da leza, daga baya ya waiwayi inji da ɗan nauyin da ya rage. A ganina wannan aiki ne a baibai. Inji ya kamata a fara tsayar da shawara a kansa, domin shi ne ke yanke irin makamin da zai shiga jikin mek, da nisan da za a riƙa yaƙi daga gare shi, har ma da irin harbin da zai kai mutum ƙasa.

Wasan na kamfanin Piranha Games ne da ke ƙasar Kanada, an ƙaddamar da shi a watan Satumba na 2013, kuma dokokinsa na ƙira sun samo asali ne daga BattleTech, wasan kan tebur da kamfanin FASA ya fitar a 1984. Mek shi ne ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙafa biyu wanda matuƙi ke zaune a cikinsa, nauyinsa daga tan 20 zuwa tan 100, kuma a wasan yau da kullum ana karawa ne 12 da 12. Jikinsa kashi takwas ne: kai, tsakiyar ƙirji, gefen ƙirji na dama da na hagu, hannu biyu da ƙafa biyu. Kowane sashe yana da nasa sulken da nasa gurabe, wato wuraren da ake zuba kaya. Sassan ƙirji uku da hannuwa suna da gurabe 12 kowanne, kai da ƙafafu kuma 6. Mai ƙira yana fama ne da iyakoki uku a lokaci guda, nauyi da gurabe da zafi, kuma da wuya ya sassauta ɗaya ba tare da ya matse ɗaya daga cikin sauran ba. Alƙaluman ɓarna da na zafi kan sauya daga wannan gyara na wasan zuwa wancan, amma nauyi da gurabe ba su cika motsawa ba, shi ya sa na fi dogara da su a nan.

Ga mek na ɓangaren Inner Sphere, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na wasan (ɗayan shi ne Clan), injuna iri uku ne. Injin Standard yana zaune kacokan a tsakiyar ƙirji, ba ya taɓa gefe ko ɗaya, saboda haka ana iya cire wa mek hannu biyu da gefen ƙirji biyu ya ci gaba da tafiya, muddin tsakiya da kai da ƙafa ɗaya suna nan. Tsadarsa a nauyi take. Injin XL shi ne mafi sauƙin nauyi, amma yana cin gurabe uku a kowane gefe, kuma da zarar an fasa gefe ɗaya mek ya mutu nan take, ko da sulken tsakiyarsa bai ji ƙwarzane ba. Dalilin yana cikin tsohuwar dokar wasan tebur, wadda ta ce idan gurabe uku na inji suka lalace to injin ya tashi aiki. Injin Light, wanda ya shigo wasan a watan Yuli na 2017 tare da sababbin makaman zamanin yaƙin basasa na labarin BattleTech, yana cin gurabe biyu ne kawai a kowane gefe. Rasa gefe ɗaya ba ya kashe shi, sai dai gudu ya ragu, sanyaya ta raunana. Rasa na biyu kuwa shi ke nan.

Alƙaluma sun fi bayani fito da bambancin. Inji mai lamba 250 (lambar ita ce ma'aunin ƙarfinsa) yana da nauyin tan 18.5 idan Standard ne, 15.5 idan Light ne, 12.5 idan XL ne. A lamba 300 nauyin ya zama 25 da 20.5 da 15.5, a lamba 350 kuma 36.5 da 29.5 da 22. Abin lura shi ne ribar XL tana ƙaruwa yayin da inji ke girma: tan 6 a 250, tan 9.5 a 300, tan 14.5 a 350, wanda ya haura nauyin igwar AC/20 guda. A nan kwaɗayin yake, kuma a nan yawancin sababbin 'yan wasa ke faɗawa, domin manyan mek da suka fi cin wannan riba su ne kuma suka fi kowa faɗin gefen ƙirji da rashin saurin kauce wa harbi.

Lissafin gudu ba shi da wuya. A raba lambar inji da nauyin mek, a ninka da 16.2, abin da ya fito shi ne kilomita a awa ɗaya kafin a ƙara wata ƙwarewa. Jenner mai tan 35 da XL 300 yana gudun kusan kilomita 139. Da a ce Standard 300 aka sa masa, da tan 10 kacal suka rage wa ƙashin jiki da sulke da makamai gaba ɗaya, wanda ba zai kai shi ko'ina ba. Saboda haka ga ƙananan mek na tan 20 zuwa 35 babu wata doguwar muhawara, XL ne. Sulkensu bai taka kara ya karya ba tun asali, harbi biyu masu kyau sun isa su gama da su ko wane inji ke ciki, kariyarsu ita ce kada a same su. Atlas mai tan 100 kuwa da inji 300 yana tafiyar kilomita 48.6, idan aka ɗaga zuwa 350 ya koma 56.7. A Standard wannan ƙarin kilomita 8 ya ci tan 11.5. Wani zai ce asara ce, amma wanda ya taɓa ganin rundunarsa ta yi gaba ta bar shi a baya, ƙananan mek biyu na abokan gaba suna zagaye shi suna sassaƙar bayansa, ya san darajar waɗannan kilomitoci.

A da girman inji yana ƙara saurin juya ƙirji da saurin tashi da tsayawa, amma tun gyaran watan Mayu na 2017 an raba waɗannan da inji, kowane mek ya koma da nasa ma'aunin. Tsofaffin shawarwarin da ke cewa a sa babban inji domin ƙirji ya yi saurin juyawa sun daina aiki. Abin da bai sauya ba shi ne alaƙar inji da zafi. Inji yana ɗauke da na'urar sanyaya guda ɗaya a cikinsa ga kowane 25 na lambarsa, har zuwa 10 a lamba 250. Ƙasa da haka, mai son cika 10 sai ya nema wa ragowar wuri a jiki, kuma na'urar sanyaya mai ninki biyu ta Inner Sphere tana cin gurabe uku. Sama da 250, kowane ƙarin 25 yana buɗe wurin saka guda ɗaya cikin injin ba tare da ta ci gurbin jiki ba. Wannan ne ya sa 250 ta zama lambar da ba a son sauka ƙasa da ita sai dole, ya kuma sa masu tara leza ke son 300 ko fiye, ba don gudun kaɗai ba.

Mu duba Hunchback HBK-4G da kyau, domin shi ne ya fi nuna yadda inji da makami ke ɗaure da juna. Tan 50 ne, kuma duk martabarsa tana cikin tozon da ke kafaɗarsa ta dama, inda igwar AC/20 take. Igwar tana da nauyin tan 14, tana cin gurabe 10, tana zuba maki 20 na ɓarna a wuri guda cikin nisan mita 270. Gefen ƙirji gurabe 12 ne. XL ya ci uku, saura tara, igwar ba za ta shiga ba sam. Light ya ci biyu, saura goma cif, ta shiga kamar an auna. Idan aka sa ƙashin jiki na Endo Steel, wanda ke rage nauyin ƙashi daga tan 5 zuwa 2.5 amma ya cinye gurabe 14, aka ba sulke kamar tan 10, aka sa Light 250, tan 22 suka rage. Igwa ta ɗauki 14, leza matsakaita guda uku a hannu biyu da kai suka ɗauki 3, sai tan 5 na harsasai da ƙarin na'urar sanyaya, ga gudun kilomita 81. Da Standard 250 kuwa, tan 2 ne kawai ke saura wa harsasai, wanda zai ƙare ana tsakiyar faɗa, sai dai a rage inji a haƙura da gudu. Tambayar ita ce, me Standard ya saya da waɗannan tan 3? Ya sayi rayuwa bayan an rasa gefe biyu. To amma Hunchback da ya rasa gefe biyu leza ɗaya ta rage masa a ka. Ni dai ban ga cinikin da ya biya ba.

Akwai inda Standard ke da hujja mai ƙarfi, sai dai wuraren ba su da yawa. Na farko shi ne makamin da ba ya shiga sai da shi, kamar Heavy Gauss mai tan 18 da gurabe 11, wanda ko Light ba ya bar masa wuri a gefen ƙirji. Na biyu shi ne mek mai makamai a tsakiyar ƙirji, irin Centurion CN9-A mai mazaunin leza biyu a can. Tsofaffin 'yan wasa sun san shi da taurin rai: a cire masa hannuwa da gefuna, ya zama kamar sanda mai ƙafa, amma yana nan yana harbi, abokan gaba suna ɓata harsashi a kansa yayin da 'yan uwansa ke cin su ta gefe. Ban da irin waɗannan, tun da Light ya shigo Standard ya rasa yawancin kasuwarsa.

Hukuncin XL a kan matsakaita da manyan mek kuwa ya dogara ne da surar jiki, wadda babu wata lamba a gareji da ke nuna ta. Catapult yana da dogon hanci a gaba da manyan akwatunan roka biyu a matsayin hannuwa, harbi yakan faɗa ne kan tsakiya ko kan akwatunan, gefunansa ƙanana ne, don haka an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wanda XL ke karɓa. Stalker akasin haka ne, gefunansa dogaye ne kamar bangon jirgin ruwa, wanda ya sa masa XL ya ba abokan gaba hanyar kashe tan 85 ta wurin da sulkensa bai kai na tsakiya kauri ba. Kuma gogaggen abokin gaba yana ganewa. Idan ya kulle ka, wato ya saita na'urarsa a kanka, ya ga jerin makamanka sun fi ƙarfin abin da nauyinka zai ɗauka, ga ka kuma da gudu, ya san XL ne a ciki, sai ya bar tsakiya ya nufi kafaɗa. JagerMech mai AC/20 biyu a hannuwa ya shahara da wannan: yana tsorata kowa a kusurwa, amma kowa ya san inda zai buga.

Sai makamai, waɗanda ya fi kyau a auna su da tambaya ɗaya: tsawon wane lokaci makamin ke tilasta maka fuskantar abokin gaba? Babbar dabarar tsira a wannan wasa ita ce juya ƙirji, wato ka yi harbi, ka kawar da gaba, harbin ramuwa ya bazu a kan hannu da gefe maimakon ya taru a tsakiya. Igwa irin AC/20 ko AC/10, da bindigar lantarki ta PPC, da bindigar maganaɗisu ta Gauss, da rokokin kusa na SRM, duk suna sauke ɓarnarsu a take, sai ka juya. Leza tana ƙuna ne na kusan daƙiƙa guda, dole ka riƙe ta a kan wuri ɗaya har ta gama, in ba haka ba ɓarnar ta warwatse a jikin abokin gaba. AC/2 da AC/5 da igwa mai juyawa ta RAC kuwa ƙarfinsu yana cikin ruwan harsashi mara yankewa, wanda ke nufin tsayawa ido da ido. Ga yadda wannan ya shafi inji: mai juya ƙirji yana miƙa gefunansa ne da gangan su sha duka, abin da ke da kyau ga Light da Standard, amma kasada ce ga XL. Wanda ya haɗa XL da makaman faɗan kusa a kan mek mai faɗin kafaɗa ya shiga gaba kura baya sayaki, in ya fuskanta a huda tsakiya, in ya juya a fasa gefe.

Leza ita ce mafi arha a nauyi. Matsakaiciya tan 1 ce da gurbi 1, tana ba da maki 5 a mita 270. Babba tan 5 ce da gurabe 2, tana kai wa mita 450. Ba ta buƙatar harsashi, ba ta fashewa, tana isa inda aka nufa ba tare da an yi lissafin tafiyar harsashi ba. Kuɗinta zafi ne, kuma wanda ya lissafa nauyin leza bai haɗa da na'urorin sanyayar da za su bi ta ba ya yaudari kansa. Tun 2013 akwai kuma ƙarin horo da 'yan wasa ke kira zafin fatalwa: idan aka harba makamai iri ɗaya fiye da wani adadi cikin rabin daƙiƙa, zafin ya ninka fiye da jimillarsu. Ga matsakaiciyar leza ta Inner Sphere iyakar ita ce 6, shi ya sa mai Hunchback 4P, wanda ke da mazaunin leza 9, yake raba su rukuni biyu a kan maɓallai daban. Na taɓa mantawa da wannan a taswirar Tourmaline Desert, na danna duka sau biyu a jere a kan wani Atlas da ya leƙo daga bayan dutse. Allon ya yi duhu, injin ya mutu don kansa, ina zaune ina kallon ƙaton yana daidaita igwarsa a hankali kamar mai auna hatsi. Ban sake tashi ba.

Igwa kishiyar leza ce, nauyi mai yawa da zafi kaɗan. AC/10 tan 12 ce, AC/5 tan 8, Gauss tan 15 da gurabe 7, kuma kowacce tana buƙatar tan-tan na harsasai a kai. Wannan nauyin ne ke tura masu igwa wajen XL, kuma a nan akwai tarko biyu. Harsasan igwa da na roka suna iya fashewa idan harbi ya ratsa sulke ya same su, don haka ajiye su a gefen ƙirjin da XL ke ciki ganganci ne. Yawanci ƙafafu ake fara cikawa. Na'urar CASE tana hana fashewar ta tsallaka zuwa tsakiya, amma ba ta ceton gefen da abin ya faru, saboda haka a gefen ƙirjin mai XL ba ta da wani amfani. Gauss kuma harsashinsa ba ya fashewa, bindigar ce da kanta ke fashewa. Duk da haka Gauss da PPC su ne suka fi dacewa da XL idan an ɗora su a hannu ko a mazauni mai tsayi, domin mai su yana leƙowa ne daga nesa, ya harba, ya koma bayan tudu, kuma tan 9 ko 10 da ya samu sun zama gudun sauya wuri. Sai dai Gauss yana buƙatar a danne maɓalli ya yi caji kafin a saki, abin da ke ɗaukar sabon hannu kwanaki kafin ya saba.

A kan rokokin nesa na LRM ba zan daɗe ba. Suna buƙatar kulle abokin gaba, na Inner Sphere ba sa yin ɓarna ƙasa da mita 180, kuma na'urar ECM mai hana kullewa da na'urar kakkaɓo roka ta AMS da kowane dogon gini suna rage musu kaifi. A fili irin Polar Highlands suna da ranarsu, a cikin lungunan Solaris City kuwa nauyi ne kawai. Tun da ƙuri'a ake jefawa kan taswira bayan an riga an zaɓi mek, wanda bai ɗauki leza uku ko huɗu na kare kai ba yana caca ne. SRM sun fi su amana: SRM 6 tan 3 ce, kuma guda uku ko huɗu a kan matsakaicin mek mai Light da gudun da ya haura kilomita 80 suna cikin haɗin da ya fi saurin rusa babban mek ta baya.

Duk wannan taƙaddama ta Inner Sphere ce. XL na ɓangaren Clan, wanda ya shigo wasan a 2014, gurabe biyu yake ci a kowane gefe, yana kuma tsira bayan rasa gefe ɗaya, wato ya haɗa sauƙin XL da juriyar Light. A kan mek irin OmniMech ma ba a ba ka zaɓi ba: Timber Wolf mai tan 75 yana zuwa da XL 375 a kulle, gudun kilomita 81, abin da kake sauyawa shi ne sassan da ke ɗauke da mazaunin makamai. Makaman Clan sun fi sauƙin nauyi da nisan zango, amma lezarsu ta fi zafi da tsawon ƙuna, igwoginsu kuma suna fitar da harsasai a jere maimakon dunƙule ɗaya. Wanda ba ya son ciwon kan inji zai ji daɗin farawa daga nan, muddin ya yarda zai koyi riƙe leza a kan abin da ke motsi.

Akwai wani abu da bai shafi gareji ba amma ya shafi zaɓi. Mai wasa daga Kano ko Maraɗi sabar Turai ce mafi kusa da shi, kuma ko da wasan yana da tsarin rama jinkirin intanet, layin da ke rawa yana cutar da ƙaramin mek mai gudun 140 fiye da kowa, domin tsaikon rabin daƙiƙa ya isa ya manna shi da bango a gaban bakin igwa. Ga mai irin wannan layi, na fi ganin hikimar matsakaici ko babban mek na tan 50 zuwa 75 da injin Light, da haɗin igwa ɗaya da leza kaɗan, wanda kuskure ɗaya ba ya kashe shi ya koma ɗan kallo.

Ta fuskar kuɗin wasa, wato C-Bills, XL ne mafi tsada, Light na biye, Standard mafi arha, amma inji kaya ne da ake cirewa daga wannan mek a sa wa wancan. Light ɗaya tsakanin 250 da 300 zai yi wa mek da dama hidima, don haka shi zan fara saya, tare da mayar da na'urorin sanyaya zuwa masu ninki biyu, kafin in kashe ko sisi a kan sabon makami. Bayan an gama haɗawa, a shiga filin gwaji na Testing Grounds, a zaɓi taswira mai zafi irin Terra Therma ko Caustic Valley maimakon Frozen City, a riƙa harba rukunin makaman da za a fi amfani da shi ana tafiya, ana ƙirga sau nawa aka harba kafin gargaɗin zafi ya yi ƙara. Idan bai kai uku ba, a cire leza ɗaya a sa na'urar sanyaya a madadinta, a sake gwadawa.